Kilo Bakwai

Wata biyar ina leƙen farashi
kamar kaza a kan ƙwai.
Kullum bayan la'asar in rufe keken ɗinki,
in tsallaka shagon Ɗanlami a Yalwa,
ya latsa, ya latsa, ya ce, "Baba Tela, yau ma ya hau."
Ran wata Talata, ruwa na dukan kwano,
ya ce, "Ya faɗo."
Ban tsaya neman lema ba.
Na dawo da sefa ƙunshe a leda,
kuɗin ɗinkin salla biyu
da na tunkiyar da Ladidi ta sayar ba ta gaya mini ba.

An ce araha ba ta ado.
Ni tela ne, na riga mai faɗa sani.
Amma ba ado zai kai ni Tunis ba,
Rahane ce za ta karɓi takardar haɗa magani.

Sharaɗin jirgin: kilo bakwai.
Ba akwati, ba abinci,
kujera kuwa duk inda aka jefa ka.
Sai unguwa ta ji.
Gwaggo Tasalla ta aiko daddawa,
Barmani ya kawo busasshen kifin Lagdo,
ga kuka, ga yaji, ga man shanu a kwalba,
wani har da wasiƙa zuwa ga ɗansa a Faransa,
wai ai duk hanya ɗaya ce.
Muka ari sikelin mahauci.
Daren nan Ladidi na ɗorawa, ina saukewa,
allurar na rawa tsakaninmu
kamar alƙalin da ya ci na kowa.

Daga Garwa mota zuwa Ngaundare,
jirgin ƙasa ya kwana da ni har Yawunde,
wata motar ta zubar da ni Duwala.
Kwana biyu ina jan ciki a ƙasa
don in ci riba a sama.

A filin jirgi riga uku na sa, wando biyu,
aljihu cike da dabino da cajar waya,
gumi na bin bayana kamar Binuwai a tsakiyar damina.
Yarinyar ta ɗora jaka, ta dubi lamba:
bakwai da giram ɗari shida.
Ta faɗi kuɗin ƙari da Faransanci mai sanyi,
kuɗin da ya fi kifin, ya fi komar da ta kamo shi.
Na tsuguna a gaban layi, na zuge jaka.
Ga kifi.
Ga takalmina na zuwa biki.
Ga shuɗiyar rigar da na yi dare tara ina yi wa aikin wuya.
Takalmin na miƙa wa mai shara.
Ya gwada nan take. Cif.

A sama, ruwan sha ma da kuɗinsa.
Gwiwata ta yi ta gaisawa da bayan kujerar gaba.
Wata tsohuwa 'yar Marwa ta kwance gyaɗa daga bakin zane,
na fito da dabino,
muka yi walima a bisa gajimare ba mu sayi komai ba.
Awa goma sha ɗaya a Kasabalanka kan bencin ƙarfe,
jaka ce matashi,
mai goge daɓe ya nuna mini gabas da tsintsiya.

Rahane na tsaye bayan gilashi.
Ta rame. Ta ƙara tsawo, ko idona ne.
Ba ta tambayi riga ba.
Ta sa hanci a bakin jaka, ta ce, "Baba, na Lagdo ne?"
Nan ta fashe da kuka, gaban masu tasi.

A hoton da aka ɗauka washegari
tana cikin shuɗi, takarda a hannu,
ni cikin babbar riga har ƙasa.
In ka matso, ka duba can ƙasan,
silifas ne na roba.

Ladidi ta rataye shi a shago, saitin keke.
Masu kawo ɗinki sukan tambaya nawa na kashe.
Nakan lissafa musu,
har da takalmin.